Rijiya ta Bakwai

Litinin, da yamma

Yau aka ba ni aikin da ban so ba. Injiniya ya kira ni ofishinsa, ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ya danne gefenta da kofin shayi, ya ce, "Ke 'yar unguwar nan ce, ko ba haka ba?" Na leƙa. Ga dutsen da ke bayan gidanmu an zagaye shi da jan biro, ga ɗigo bakwai a gindinsa. Rijiyoyi bakwai ke nan, kuma babu wadda ban sha ruwanta ba. Ta bakwai tamu ce, tana cikin lambun Baba, wanda Yaya yake nomawa yanzu yana ciyar da gidan.

Wani kamfanin fasa dutse ne yake so ya fara aiki a wurin. Kafin ya fara, sai an auna inda ruwan kowace rijiya ya tsaya, a rubuta, mai rijiya ya sa hannu. In an fara aiki ruwan ya sauka fiye da mita biyu ƙasa da abin da aka rubuta, kamfani zai haƙa wa mai rijiyar burtsatse. In bai kai haka ba, sai haƙuri. Mu ba ma'aikatan kamfanin ba ne, hayarmu aka ɗauka mu yi awo. Amma wa zai tsaya ya saurari wannan bambancin a unguwarmu?

Na ce ko a tura wani. Injiniya ya ce wanda ya tura makon jiya kare aka sako masa. "Ke ai ba za a sako miki ba." Na ce masa bai san Yaya ba ne.

Juma'ar ƙarshen wata za a rufe rahoto.

Na biya asibiti wajen Baba. Tun da ya faɗi a lambu yake can, ɓarin jikinsa ya shanye, bai sake magana ba. Na tarar yana barci.

Laraba, da azahar

Na fara da rijiyar Iya Mai Kaji, don na san ko me ya faru ba za ta kore ni ba. Ita ta rene ni bayan rasuwar Innarmu, har yau kuma ba ta yarda na girma ba. Tana ganina da hular kwano da tef a hammata ta kama haɓa. "Auta, ke ce haka? Sai ka ce yaƙi za a je."

Tef ɗin doguwar igiya ce mai lamba a jiki, da ɗan ƙarfe a bakinta. Ka zura a rijiya a hankali, ƙarfen yana taɓa ruwa sai ya yi tsuwa, ka danne igiyar da yatsa a bakin rijiya ka karanta. Aikin ke nan gaba ɗaya. Yaya yakan ce an kai ni makaranta mai tsada don in koyi riƙe igiya.

Ƙa'idar guda ce: sai rijiya ta huta kwana ɗaya cur, ba a ja ruwanta ba, sannan a auna. Tun jiya na bi gida gida na faɗa, na kuma gaya wa kowa ranar da zan zo masa. Na tambayi Iya ko tata ta huta. Ta ce, "Ta huta har ta gaji da hutun."

Na yi ta sakin igiya, shiru. Na zaci batir ne ya mutu, na jawo ƙarfen na tsoma a kwanon ruwan kaji, ya yi tsuwa har suka watse. Na sake zurawa. Sai a mita goma sha ɗaya ya amsa, alhali rijiyar duka zurfinta sha biyu da rabi ne. Ina yarinya nakan leƙa in hangi fuskata a ciki. Na ce wa kaina rani ne, kuma yaro komai kusa yake ganinsa.

"Ya yi ƙasa?" in ji Iya.

"Ya yi ƙasa sosai, Iya."

"Alhamdulillahi," ta ce, ta dangwala yatsa a takarda. Na ce a raina tsufa ne ya fara taɓa ta.

Alhamis, da la'asar

Ta Tela da ta Malamin makaranta. Duka biyun ruwan yana can ƙasa, duka biyun kuma murna suke yi. Tela har lemon kwalba ya saya mini, mutumin da ko guntun zare ba ya bari ya faɗi ƙasa. Na sha ina kallonsa, shi ma yana kallona.

Ban samu zuwa asibiti ba.

Asabar, da hantsi

Na je gida karɓo wa Baba kayan sawa masu tsabta. Yaya yana zaure yana wanke fulogin injin ban-ruwansa da fetur. Na gaishe shi, ya amsa wa fulogin.

"Malama mai igiya. An gaishe da ma'aikatan kamfani."

"Yaya, ba kamfani nake wa aiki ba."

"To wa yake biyan wanda yake biyanki?"

Na wuce shi. Matarsa ta ja ni ciki ta ce in ƙyale shi, ba ya samun barci kwanan nan, kullum kafin asuba yake fita. Na ɗauka asibiti yake zuwa, har na ji tausayinsa.

Na leƙa lambu kafin in tafi. Tumatir ya fara nuna, albasa ta yi kyau. Da shi yake ɗaukar nauyin yara biyar da maganin Baba. In rijiyar nan ta ƙafe, ban san me zai ci ba, shi ma bai sani ba, shi ya sa yake cizon kowa.

Talata, da yamma

Na gama shida. Injiniya ya dubi lambobin, ya ɗaga gira, ya ce bai zaci yankin ya bushe haka ba. Ya tura wa kamfani kafin a tashi. Saura tamu, na ce masa sai wani makon. Ya yi murmushi ya ce kowa da karensa.

Laraba, bayan la'asar

Zan rubuta wannan daki daki.

Na koma gidan Iya kai mata man zafi na gwiwa. Ba ta tsakar gida, sai na zaga bayan akurkin kaji nemanta. Ƙasar wurin a jiƙe take, har ciyawa ta tsiro shar, a tsakiyar rani. Ga sawun tiyo ya taho daga bakin rijiya ya bi ta ƙarƙashin katanga. Ga baƙin mai ya ɗiga a inda aka girke inji. Na san wannan ɗigar. Injin Yaya ne kaɗai yake yoyo ta nan, ya ƙi gyarawa tun bara.

Iya ta fito ta same ni a tsugune. Ko kunya ba ta ji ba.

"Yayanki ne, Allah ya yi masa albarka. Ranar da za ki zo, tun kafin asuba ya turo injin a baro, ya zuƙe ta ƙaf. Haka ya yi wa kowa, da man kansa, ko sisi bai karɓa ba."

"Don me, Iya?"

"Don hukuma ta ga ba mu da ruwa mana. In sun ga haka ai ba za su bari a taɓa dutsen ba. Ke da kika yi karatu sai an gaya miki?"

Na zauna a kan turmi. Na ce mata ta saurare ni da kyau. A ce ruwanta na gaskiya yana mita takwas. An zuƙe shi ya koma sha ɗaya, na rubuta sha ɗaya, ta dangwala. Kamfani ba zai haƙa mata komai ba sai ya wuce sha uku. Rijiyarta kuma ba ta kai sha uku ba. Za ta bushe har ƙasa, a share ta da tsintsiya, a takarda kuwa babu abin da ya faru.

Ta dubi kajinta. Sannan ta ce, "Ki je ki gaya wa yayanki. Ni kaina ya yi nauyi."

Na ce wa kowa a bar rijiya ta huta. Ban gaya wa kowa don me ba. A ofis mun saba da abin har ban ga akwai abin bayani a ciki ba.

Alhamis, da safe

Na tare Yaya a barandar asibiti, kusa da famfon da masu jinya ke wanke kwanuka. Na yi masa lissafin da na yi wa Iya, har da zana masa a bayan takardar magani. Ya bari na gama tsaf.

"Haka suka koya miki ki faɗa?"

"Yaya, don girman Allah ka dubi lissafin."

"Na gani. Sun ga lambobin sun tsorata, shi ne suka turo ki ki ruɗe mu, mu bar ruwa ya cika, su ce ga shi nan ruwa ya ishe mu. Ni za a yi wa wayo? Na goya ki, Auta."

Na ce masa goyo ba ya sa mutum ya san ruwan ƙasa. Bai kamata in faɗa ba. Ya yi mini kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, ya shige ɗakin Baba. Na bi shi bayan na wanke fuskata. Muka zauna, shi a dama ni a hagu, Baba a tsakiya idonsa biyu, yana duban wannan yana duban wancan. Nas ta shigo ta ce mun cika shiru, marar lafiya yana son jin murya. Yaya ya fara ba shi labarin farashin albasa.

Alhamis, da yamma

Na gaya wa Injiniya komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Mutumin kirki ne, a gabana ya buga wa kamfani waya ya roƙi a sake awo. Ina jin muryar na can ɓangaren, mai laushi, babu ko ɗigon fushi. An auna, masu rijiya sun sa hannu cewa rijiyoyinsu sun huta, magana ta ƙare. In kuma muna so mu rubuta cewa da gangan aka zuƙe, to lauyansu zai so ya ga wannan takardar, don yarjejeniyar ta ce wanda ya yi maguɗi an cire shi daga masu samun burtsatse, da duk wanda ya taya shi.

Injiniya ya ajiye wayar. "Shida sun tafi," ya ce. "Ki ceci ta bakwai. Kada ki zura igiya sai kin tabbata ta huta."

Na fito na zauna a kan matakala. Haushin Yaya nake ji, haushin kaina nake ji, har Tela da lemonsa haushinsu nake ji.

Asabar, da sassafe

Na je lambu ba sanarwa. Ƙasa jiƙe, na taɓa injin da zafi. Ban auna ba.

Litinin, da sassafe

Injin da zafi. Ban auna ba.

Talata, da hantsi

Injin da zafi. Yau Yaya yana tsaye a wurin, hannu a ƙugu.

"Ga rijiya nan, auna mana. Ko igiyar ce ta tsinke?"

"Ba ta huta ba."

"Ta huta."

"Yaya, takalminka laka ne har idon sawu."

Tun da bai san ranar da zan zo ba, kullum yake zuƙewa, kuma ba shi da inda zai kai ruwan sai kan shukarsa. Lambun ya koma fadama. Tumatir ya fara ruɓewa daga gindi, ganyen albasa ya yi rawaya. Yana kashe lambun da hannunsa don ya cece shi daga hannuna. Da wani ne ba Yaya ba, da na yi dariya.

Laraba, da la'asar

Likita ya kira mu gefe, mu biyu. Ba zan rubuta abin da ya ce ba.

Na sayi auduga a hanya. An ce a riƙa jiƙa masa leɓe.

Juma'a, bayan magariba

Na wuni a wajen Baba. Na yanke masa farce, na shafa masa mai a ƙafa. Tafin hannunsa ya yi laushi, ban san shi haka ba. Shi ya haƙa rijiyar nan, shi da ƙanensa, kafin a haifi Yaya. Ya sha ba mu labarin yadda suka tarar da dutse a hanya, suka yi ta sara da diga har ƙanen ya rantse ba zai sake shiga ba, washegari kuma ya riga shi sauka. Da yana magana da na kai masa ƙara, kalma ɗaya zai faɗa Yaya ya kashe injin. Na buɗe baki sau biyu. Sai na ba shi labarin kajin Iya da suka tsorata da tef ɗina. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa.

Saura mako guda a rufe rahoto. Injiniya ya ce in ban kawo lamba ba, kamfani zai ɗauki ta maƙwabta mafi kusa ya sa wa tamu. Ta Iya ke nan.

Lahadi, da safe

Injin da zafi.

Litinin, da yamma

An yi taro a makarantar firamare. Mutumin kamfani ya zo da wani jami'in hukuma, aka jera manyan unguwa a kan bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Ni na tsaya a baya wajen taga.

Mutumin kamfani ya rubuta lambobi shida a allo, ya gode wa jama'a da haɗin kai, ya ce ba su taɓa shiga unguwar da aiki ya tafi sumul haka ba. Tela ya ɗaga hannu kamar ɗan aji uku.

"Yallaɓai, tun da an ga ruwanmu ya yi ƙasa haka, ke nan an fasa aikin?"

Jami'in ya dube shi da mamaki. Ya ce a'a, ai maganar izini ta wuce tun tuni, ba ta da alaƙa da wannan. Awon nan don su aka yi shi, don a san wa za a haƙa wa burtsatse in ruwa ya sauka. Ya ma ɗauki alli ya yi musu lissafin, irin wanda na yi a bayan takardar magani.

Babu wanda ya yi hayaniya. Da sun yi da ya fi sauƙi. Malamin makaranta ne ya fara juyawa, sannan Tela, sannan sauran, ɗaya bayan ɗaya, suka dubi Yaya. Yana zaune a bencin tsakiya, hularsa a kan gwiwa. Na yi makonni ina jiran ranar da zai gane ni ce da gaskiya. Da ta zo, ji na yi kamar in je in tsaya a gabansa in kare shi.

Ya tashi ya fita ta kusa da ni, bai dube ni ba. Matarsa ta ce bai ci komai ba, ya wuce asibiti.

Talata

Ban je aiki ba. Yaya ne ya bugo, da asuba. Ya ce, "Auta," sai ya yi shiru.

An kai Baba makwancinsa bayan azahar.

Laraba, da la'asar

Gida cike. Ina ta amsa gaisuwa, bakina yana yi ni ba na ciki. Wata ta ce na yi kama da shi ta goshi, wata ta ce a'a ta hanci, suka yi ta musu a kaina kamar ba na wurin.

Su Tela ne suka ɗauke shi, in ji yara, shi da Malamin makaranta a gaba. Mazan da ke cikin shidan nan duk suna ƙofar gida tun jiya, a kan tabarma ɗaya da Yaya. Babu wanda ya ta da maganar. Jarkokin ruwa kuma sai shigowa suke yi daga gidajensu, don kada masu makoki su wahala da ja. Na tsaya ina kallon jarkar Iya, mai murfin leda, na kasa shan ruwan.

Alhamis, da dare

Yau da asuba na farka na ji wani abu ya ɓace. Na daɗe a kwance kafin in gane. Babu ƙarar inji. Tun ranar Litinin ba a tayar da shi ba, guga ma babu wanda ya zura.

Rijiyar ta huta.

Ina zaune cikin mata, ana yi mini ta'aziyyar ubana, ni kuwa ina lissafin ruwa. Kunyar kaina ta kama ni har na shiga banɗaki na yi kuka, ban san na wanne ba ne. Abin da na yi makonni ina roƙo na samu, kuma ga abin da aka biya.

Injiniya ya zo gaisuwa da yamma. Da zai tafi ya ce direba ya bar mini jakar aikina a zaure, ko da zan buƙaci wani abu a ciki. Bai ce gobe Juma'a ba.

Juma'a, da azahar

Gari yana wayewa na ɗauki tef na rufe da mayafi, na tsallake matan da ke kwance a tsakar gida, na fita ta ƙofar baya. Laka ta bushe a lambun, ta tsattsage. Ina tafe ina addu'ar kada in haɗu da kowa.

Yaya ya riga ni. Yana tsaye a kan injin, tiyo ya riga ya sauka cikin rijiya, igiyar tayarwa a naɗe a hannunsa. Idonsa ja.

"Tsaya nan, Auta."

Na tsaya.

"Na san gaskiyarki ce," ya ce. "Ba sai kin sake yi mini lissafi ba. Amma ni na zuƙe shida. Ni na bi su gida gida na ce su yarda da ni. Yanzu tawa ce kaɗai za ta fito da lamba mai kyau? A haƙa mini burtsatse, tumatir ɗina yana sheƙi, Tela yana wucewa da jarka ba ruwa? Mutanen da suka ɗauki Baba a kafaɗa? Da wane ido zan dube su?"

"Yaya, yaranka fa?"

"Su ma suna da yara. Bari in zuƙe ta, ki rubuta abin da kika gani. In za mu bushe mu bushe tare."

Na san wannan muryar, ba a juya ta. Na ce masa ba zan rubuta ba, ya ce to a sa masa ta Iya, duk ɗaya ne. Ya taka injin da ƙafa, ya gyara tsayuwa zai ja. Duk karatuna ya ƙare a nan.

"Kai ɗan nan."

Iya ce. A gidanmu ta kwana tare da mata, ashe ta ga fitata. Ta taho tana ɗingishi tsakanin kunyoyin albasa, da bokiti a hannu. Ba ta yi sauri ba, sai da ta iso ta nemi wuri, ta zauna daram a kan tankin injin, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo.

"Na ji abin da ka ce. Ya yi daɗin ji. To in tawa ta ƙafe, taka ma ta ƙafe, ina kake so in je da wannan gwiwar?"

"Iya, ni na jawo muku."

"Kai ka jawo, babu wanda ya ce ba kai ba ne. Jiya ma da Tela muka zage ka, ka gode wa makoki. Amma kunyarka ba ta cika bokiti." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka zuƙe mana shida. Ka bar mana ɗaya."

Sannan ya fara warware igiyar daga hannunsa, zagaye bayan zagaye, ta bar masa farin sawu a fata. Ya jawo tiyon waje da kansa.

Na zura tef. Ban gama shirin saurare ba ya yi tsuwa, har na firgita. Na danne da yatsa, na ce Yaya ya karanta, don mai rijiya ne yake karantawa. Ya sunkuya.

"Bakwai da rabi," ya ce. Muryarsa ta karye a kan rabin. Ya leƙa ciki ya daɗe, ban san me yake gani ba, ban kuma tambaya ba.

Na rubuta, ya sa hannu. Iya ta tura bokitinta da ƙafa zuwa gabansa.

"An gama? To ɗebo mini. Gara ka fara sabawa."

Ya ɗauki guga ya ɗebo ya cika mata. Ta miƙa hannu za ta ɗauka, ya hana. Ya ɗora bokitin a kafaɗa, ya bi ta a baya, a hankali, daidai da tafiyarta.